Na Samu Gurbi a ABU Zariya: Ina Zan Sauka, Yaya Zan Gane Wurare?

Wani matashi daga Gumel ya aiko da wannan tambaya: "Malam, Allah ya ba ni gurbin karatun ilimin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ni ne na farko a gidanmu da zai shiga jami'a, kuma ban taɓa wuce Kano ba. An ce mini makarantar gari guda ce, mutum kan yi makonni yana ɓacewa a ciki. Ina zan sauka, ina zan kwana, yaya zan gane wurare? Sannan Baba ya dage sai ya raka ni, ni kuwa ina jin kunya kada a yi mini dariya."

Ƙanena, barka da arziki. Allah ya sa albarka a wannan gurbi, ya sa ka shiga lafiya ka fita da abin da ka je nema. Ka gaishe mini da Baba.

A Samaru na yi karatu, kuma na shafe shekaru ina koyarwa, har da shekarun da aka ɗora mini kula da rajistar 'yan aji ɗaya. Saboda haka irinka na gani ba adadi, da jakarsu a kafaɗa da fayil a hammata, suna waige-waige. Waɗanda suka ce maka makarantar gari guda ce ba su yi ƙarya ba. Amma ɓatan hanya shi ne ƙaramin ɓata, kwana goma ya ishe ka ka warke daga shi. Wanda nake ji maka tsoro shi ne ɓatan takarda da ɓatan shiru, wato ka cike abin da ba daidai ba, ko ka rasa sanin abu ka ƙi tambaya. A sakandare ana kaɗa ƙararrawa, ana kiran suna, ana bin wanda bai zo ba har ɗakin kwana. A jami'a babu mai neman ka. Kai ne za ka nema.

Bari mu fara da hanya. ABU ba wuri ɗaya ba ce. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, kuma ba a kan fili fetal aka kafa ta ba. Cibiyoyin da suka riga ta aka tattaro aka ɗinke wuri guda: kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru, cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru wadda ke nan tun 1922. Shi ya sa har gobe take a warwatse. Babbar harabar tana Samaru, a kan hanyar da ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Masu karatun shari'a da na harkar mulki suna Kongo, can ta wajen Tudun Wada. Asibitin koyarwa kuma yana Shika, gaba da Samaru. Kai ɗan kimiyya ne, Samaru ce gidanka.

Daga Gumel za ka biyo ta Kano, ka shiga motar Zariya a tashar Unguwa Uku, ka ce a sauke ka a Kwangila, inda gadar sama take. A nan za ka ji 'yan kamasho suna kiran wurare. Kada ka ce wa direba "ABU za ni" ka yi shiru, don wannan suna ya haɗa wurare uku, kuma wanda ya ga baƙo ne kai yana iya kai ka inda ya fi masa sauƙi. Ka ce "Samaru". Za ku wuce Hanwa, ku wuce Palladan inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, sannan ka fara ganin katangar jami'a. Ƙofofi biyu ɗalibai suka fi bi, babbar ƙofa da ƙofar arewa wadda kowa ke kira North Gate. Ranar farko ka shiga ta babbar ƙofa, ka gaida masu gadi, ka faɗa musu kai sabon ɗalibi ne na sashen sinadarai. Kullum irin wannan tambaya suke amsawa. Kuma ka yi sammako daga gida yadda za ka iso kafin azahar, ranar aiki, ba Juma'a ba, ba Asabar ko Lahadi ba. Wanda ya iso bayan la'asar zai tarar ofisoshi na rufewa, ga kaya, ga duhu na tahowa, ga babu masauki.

Yanzu ga yadda ake koyon wurin. Kada ka yi ƙoƙarin sanin harabar baki ɗaya. Akwai ma'aikatan da suka yi shekara ashirin a ciki ba su taɓa taka wasu sassan ba. Abin da kake buƙata a makon farko wurare biyar ne: inda kake kwana, sashenka, manyan ɗakunan da za a riƙa yi muku lakca, masallaci, da inda za ka ci abinci. Idan ka haɗa waɗannan da ƙafa har suka zauna a kanka, sauran za su zo da kansu.

Ka samu alamar da za ka riƙa komawa gare ta. Ginin Sanet, inda ofishin shugaban jami'a yake, dogo ne, ana hango shi daga wurare da yawa. Babban laburaren Kashim Ibrahim, wanda ɗalibai ke taƙaitawa su ce KIL, ba shi da nisa da shi, haka ma filin da ake bikin yaye ɗalibai. Wannan yanki shi ne cibiya. Duk inda kanka ya juya, ka ɗaga kai ka nemi dogon ginin, ka koma can, ka sake faro lissafi. Taswirar waya tana taimakawa, amma ba ta san hanyoyin yanke da ƙafafun ɗalibai suka fitar a tsakanin gine-gine da ƙarƙashin itatuwa ba, kuma ba ta san sunayen da mutane ke kiran wurare da su ba.

Shawarar da nake ba kowane sabon ɗalibi, wadda kaɗan ne ke ɗauka, ita ce ya ware yammaci guda kafin a fara lakca ya taka da agogo a hannu. Ka tashi daga ƙofar ɗakinka, ka duba lokaci, ka taka har sashenku. Daga nan ka taka zuwa babban ɗakin lakca na kimiyya da ake kira FSLT, ka sake duba lokaci. Ka rubuta a bayan littafi. Dalilin shi ne ɗan aji ɗaya a kimiyya ba a sashensa yake wuni ba. Za ka ɗauki lissafi, da kimiyyar lissafi da suke cewa fizis, da ilimin halittu, da darussan gama-gari irin su Turanci, kowanne na wani sashe ne daban, kowanne da inda ake yin sa. Jadawali zai ce wannan lakca ta ƙare ƙarfe 10, waccan ta fara ƙarfe 10, bai damu da tazarar da ke tsakanin gine-ginen ba. Wanda ya auna tafiyar ya san ko zai tsaya gaisawa ko zai ɗaga ƙafa. A irin waɗannan manyan lakcoci ɗaruruwan mutane ne ke cika ɗaki, wanda ya makara a baya zai tsaya, wani lokaci a bakin taga, ba ya jin malam ba ya ganin allo. Lakcar ƙarfe 8 ta safe, ka kasance a zaune tun bakwai da rabi, a layukan gaba. Ban san wata dabarar karatu da ta fi wannan arha ba.

Akwai abin hawa na haya, amma kuɗin da kake ganin ƙanƙani ne, idan ka ninka shi sau huɗu a rana, kwana biyar a mako, ya cinye kuɗin abincinka. Ka saba da tafiya a ƙasa. Takalmi mai daɗin tafiya ya fi takalmin gayu. Idan Allah ya hore, keke abu ne mai kyau a Samaru, musamman ga wanda aka ba gado a sabon ɓangaren makarantar da ke nesa, sai dai ka saya masa kwaɗo mai ƙarfi tun ranar da ka saye shi.

To, mu zo kan takardu, don a nan zan daɗe.

Kafin ka baro gida ka tara waɗannan a fayil guda: takardar shaidar gurbi ta JAMB da sakamakon jarrabawarta, sakamakonka na WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambarka ta NIN, da hotunan fasfo da yawa. Kowace takarda ka yi mata kwafi aƙalla biyar, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Ta asali ana nunawa ne a karɓo, ba a barin ta a hannun kowa. Sannan ka shimfiɗa su a kan tabarma ka duba sunanka ɗaya bayan ɗaya. Idan a wata an rubuta Muhammad, a wata Mohammed, ko sunan Baba ya zo a gaba a nan ya koma baya a can, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka ɗaga maganar tun wajen tantancewa. Irin wannan ɗan saɓani ba ya ciwo a aji ɗaya. Sai ka gama, ana batun tura suna bautar ƙasa, sannan ya taso maka.

Kuɗin makaranta ta fotal ɗin jami'a, wato shafinta na intanet, ake fitar da lambar biya, a biya ta manhajar biyan kuɗi ta Remita. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai biya maka, ko ya ce yana da hanya a sama, ka yi masa sallama ka wuce. Lokacin rajista lokacin kasuwar 'yan damfara ne a kowace babbar makaranta, kuma sun iya gane baƙo daga yadda yake riƙe fayil. Kowane rasit ka adana shi har ka karɓi shaidar kammalawa.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Mai natsuwa ne ƙwarai, ɗan ƙauye, bai fi shekara goma sha takwas ba. Ana saura kwana kaɗan a fara jarrabawa ya tsaya a bakin ofishina riƙe da baƙar leda, sai da ya yi sallama sau biyu kafin na ji, don muryar ƙasa-ƙasa take. Ya kwance ledar ya miƙo mini takardar rajistarsa da hannu biyu. Ya ce ya duba jerin sunayen masu rubuta wani kwas bai ga nasa ba, alhali bai taɓa fashin lakcar ba, ga ma littafinsa. Na buɗe littafin, rubutu tsaf, kwanan wata a saman kowane shafi. Na duba takardar: kwas ɗin ba ya ciki. Ashe a wani shagon intanet ya ba da kuɗi aka yi masa rajista, mai shagon ya kwafo daga takardar wani tsohon ɗalibi, ya tsallake kwas na dole. Lambar wayar da ke kan fotal ma ta mai shagon ce. Na ce masa, "Ɗana, me ya hana ka kawo mini wannan takarda tun farkon zango?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na ga kamar ofishin manya ne." Lokacin gyara ya riga ya wuce. Sai da shekara ta zagayo ya rubuta kwas ɗin. Har yau idan na tuna wannan amsa tasa sai raina ya sosu, don ofishin domin irinsa aka buɗe shi.

Saboda haka ka riƙe wannan. A sashenku akwai malamin da aka ɗora wa kula da 'yan ajinku, ɗalibai na ce masa lebul kodineta. Shi ne mutum na farko da za ka nema, tun kafin ka nemi ɗan garinku. Shi ya san kwasa-kwasan dole da na zaɓi, da adadin yunit, wato nauyin da aka ba kowane kwas, da aka yarda ka ɗauka a zango. Ko a shago za ka yi rajista, ka zauna kusa da mai dannawa da jerin da sashe ya bayar a hannunka, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka, ka canja lambar sirri da ka fito. Ka buga takardar, ka kai a sa hannu, ka ajiye kwafi. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: kwas ɗin da ka rubuta ba ka yi rajistarsa ba, ba ka da sakamako. Wanda ka yi rajista ba ka rubuta ba, faɗuwa ce.

Faɗuwa kuwa tana da tsada fiye da yadda sababbin ɗalibai ke zato, bari in nuna maka da lissafi. Maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, daraja 3. Haka ake sauka har F mai sifili. Ana ninka daraja da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. A ce ka ɗauki yunit 18 ka ci B a duka: 72 a raba da 18, ka tashi da 4.00. A ce kwas ɗaya mai yunit 3 ya zama F saboda kuskuren rajista ko makara: 60 a raba da 18, ka dawo 3.33. Kwas guda ya sauko da kai daga matakin digirin da ke farawa a 3.50 zuwa na ƙasa da shi. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa. Kuma tun zangon farko ake fara tarawa. Masu ce maka aji ɗaya na hutawa ne, maimaicin sakandare ne, yawancinsu suna aji uku suna neman cike ramin da suka haƙa a aji ɗaya. Ka kula da gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida, don suna da kaso mai tsoka a makin ƙarshe, kuma akwai ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 na lakca. Kai da ke sinadarai, aikin ɗakin gwaji ba a rama shi cikin sauƙi. Ka tanadi farar rigar lab da wuri, ka san rukuninka da ranarku.

Mutum na biyu da za ka nema shi ne wakilin ajinku, don a makonnin farko jadawali kan motsa, a canja ɗaki ko lokaci. Za a sa ka a zauren WhatsApp na aji. Yana da amfani, yana kuma cike da jita-jita. Abin da aka liƙa a allon sanarwa na sashe, ko aka sa a fotal, shi ne magana. Ka mayar da leƙa allon nan al'ada, kamar yadda kake leƙa waya.

Na uku, ɗan aji biyu ko uku a sashenku mai kamun kai. Za ka gane shi ba da yawan surutu ba, a laburare ko masallaci za ka riƙa ganin sa. Shi zai nuna maka tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya gaya maka littafin da ya cancanci kuɗinka da wanda za ka ara a KIL. Ka yi rajistar laburaren tun makon farko, kyauta ce da da yawa ba sa karɓa sai jarrabawa ta matso.

Batun kwana. Akwai gidajen kwanan ɗalibai a ciki: na maza irin su Danfodio da ICSA da Ramat, da wanda gidauniyar Dangote ta gina a sabon ɓangare, na mata irin su Amina da Ribadu. Ta fotal ake neman gado, kuma kamar kowace babbar jami'ar gwamnati masu nema sun fi gadajen yawa, don haka da zarar ka biya kuɗin makaranta ka sa ido a kan ranar da za a buɗe. Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa, ɗan aji ɗaya ya zauna a ciki idan ya samu. Akwai cunkoso, akwai layin ruwa, akwai hayaniya. Amma kana kusa da aji, kana iya karatun dare ka dawo a ƙafa, kuma labari yana iso ka da zafinsa. Kada ka sayi gado a hannun wani ɗalibi. Ya saɓa doka, kuma ranar da aka zo bincike sunan wani ne a takarda.

Idan ba ka samu ba, akwai ɗakunan haya a Samaru da kewaye: Hayin Dogo, Danraka, Dogon Icce, Bomo, har Palladan. Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka gani da idonka ba. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko rijiyar gidan tana kaiwa watan Maris da Afrilu. Ka taka daga gidan zuwa ƙofar makaranta ka ji nisan, ka kuma tambayi kanka ko za ka iya bin wannan hanya bayan isha'i. Mai zama a waje kullum sai ya tsallaka babban titin nan, wanda tireloli da manyan motoci ke bi ba dare ba rana. Ka tsaya, ka duba, ka cire abin jin sauti daga kunne.

A hostal ba kai ke zaɓen abokan ɗaki ba, kuma wannan yana daga cikin mafi alherin abin da ABU za ta yi maka. Sardauna ya so jami'a ce da za ta karɓi kowa, kuma za ka tarar da Najeriya kaf a ciki, har da 'yan ƙasashen maƙwabta. Ni a shekarata ta farko akwai wani ɗan Binuwai a ɗakinmu, Kirista. Na zo da Turancin karatu amma ba na iya buɗe baki, kalmomin suna kaina, harshe ya ƙi ɗauka. Da ya lura, sai ya ɓullo da wata dabara. Da daddare, ga sanyin hunturu yana shigowa ta ƙasan ƙofa, kowa ya naɗe a bargo, tukunyar wake tana tafasa a kan risho a baranda, sai ya miƙo mini littafi ya ce in bayyana masa darasin ranar da Turanci, shi kuma ya mayar mini da Hausarsa ta kasuwa in gyara masa. Bai taɓa yi mini dariya ba. Kafin ƙarshen zango na ɗaga hannu a lakca na yi tambaya a gaban ɗaruruwan mutane. Da azumi ya zo, shi ne ya daina cin abinci a cikin ɗaki da rana ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Na kawo wannan ne don na san abin da zai ja ka. Za ka samu ƙungiyar ɗaliban Jigawa, za ka samu ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, kuma ka shiga, don suna taimakon sababbi ƙwarai, suna shirya darussan bita, kuma ranar da ba ka da lafiya su za su fara zuwa. Amma kada ka rufe kanka a cikinsu har ka gama shekara huɗu ba ka da aboki ko ɗaya da ba Bahaushe ba. Ka girmama ibadar abokin ɗakinka ya girmama taka. Gardamar addini da ta ƙabila a ɗaki ba ta taɓa ƙara wa kowa maki ba.

Kaya kuwa, kada ka kwaso gida. Katifa ƙarama, bokiti, jarka, gidan sauro, tocila, kwaɗo, tukunya ɗaya da kwano. Bargo da rigar sanyi dole ne, don hunturun Samaru daga Disamba zuwa Fabrairu yana shiga ƙashi, ko da yake kai ɗan Gumel ba baƙon hunturu ba ne. Abin da zai bambanta da gida shi ne damina: ruwan Zariya ya fi na wajenku yawa da daɗewa, ka tanadi lema da ledar da za ka riƙa sa takardu. Abinci ka zo da shi daga gida gwargwadon hali, shinkafa, wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, mai. Dafawa ta fi saye sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tambayi masu kula da hostal irin murhun da aka yarda da shi kafin ka saya. Kayan miya akwai kasuwar cikin makaranta, akwai kasuwar Samaru a waje. Kuɗin da aka ba ka ka raba shi mako-mako tun ranar farko, ka ware kuɗin motar komawa gida ka manta da shi. Idan hali ya yi wuya, akwai asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024. Bashi ne, ba kyauta ba, ku zauna da Baba ku tattauna kafin ka cike.

Ka yi rajista a asibitin makaranta, wanda ake ce wa Sick Bay, tun kana da lafiya. Idan kana da sikila ko asma ko wata larura, ka faɗa musu, ka kuma faɗa wa abokin ɗaki guda. Zazzaɓi kada ka kwanta da shi kwana uku kana shan abin da aka miƙo maka. Madatsar ruwan Kubanni tana da kyaun gani, amma ba wurin wanka ba ce. Katin shaidarka ya kasance a jikinka kullum.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Wajen mako na uku, bayan ɗokin ya lafa, kewar gida takan sauko wa mutum da nauyi. Za ka ga kamar kowa ya gane sai kai, kowa yana da abokai sai kai, har ka fara tunanin ko kuskure aka yi aka ɗauke ka. Rabin waɗanda ke zaune kusa da kai abin da suke ji ke nan, kowa ya ɓoye. Ka kira gida, ka fita ka zauna cikin mutane, ka ci abinci. Idan abin ya ƙi wucewa, akwai masu ba da shawara a ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai, aikinsu ke nan. A irin wannan lokaci ne kuma masu kawo ƙwaya da masu gayyatar taron dare na sirri ke samun mutum. Duk wanda ya matsa maka da alherin da ba ka nema ba, yana cewa kada ka gaya wa kowa, ka nisance shi. Satar amsa a jarrabawa kuwa kora ce, ko da ɗan guntun takarda ne ka manta a aljihu, don haka ka lalube aljihunka a bakin ƙofa.

Saura maganar Baba. Ka bar shi ya raka ka, ƙanena. Babu mai yi maka dariya, ranakun rajista harabar cike take da iyaye, wasu da manyan motoci, wasu da buhun gero a ka. Mutumin da ya yi noma ko ya yi kasuwa har ɗansa ya kai nan yana da haƙƙin ya ga wurin da idonsa. Kuma akwai amfani a ciki: yana tsare maka kaya kana bin layi, sannan idan ya koma, duk ranar da ka ce masa kana laburare ko kana hostal, ya san inda kake nufi, hankalinsa da na Inna ya kwanta. Sharaɗi ɗaya kawai: a ofis kai za ka yi magana, kai za ka miƙa takarda, shi ya tsaya daga gefe. Ka kai shi ya ga sashenku, ku yi azahar tare a masallaci, ka ba shi lambar wayar abokin ɗaki guda. Da an yi la'asar ya kasance ya riga ya kama hanya, ko kuma ya kwana a Zariya ya yi sammako, kada ya bi hanyar Gumel da dare.